Ranar Da Na Faɗi Inda Kyarketai Suke

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka kada kowa ya ce mani ta zo mu ji ta. Ku dai zauna. Abu ne da ya faru a garin nan na Maradi, da rana tsaka, kuma da bakina aka fara shi.

Ni ɗiyar maharbi ce. A Tsibiri aka yanke mani cibi, amma ban yi wayo a can ba, domin gonakin hatsi sun cinye dajin da ke kewaye da garin, har ta kai in Baba ya fita da baka ba ya komowa da komi sai kurciya. Sai ya kwashe mu ya yi kudu, ya wuce Jiratawa, ya kafa bukka a bakin dajin Baban Rafi. Mu biyu muka rayu cikin ƴaƴan innarmu, ni da ƙanena. Ni aure ya ɗauke ni, Jiratawa da fari, daga baya Sabon Gari, inda maigidana ya rasu ya bar ni da tuyar ƙuli-ƙuli da sayar da man gyaɗa. Ƙanena shi ya gaji baka da kwari, ya tsaya a daji.

Yaran yanzu in an ce masu kyarkeci sai su ce kura. Ba kura ba ce. Kyarkeci kamar kare yake, amma ya fi kare tsawon ƙafa, kunnuwansa manya zagaye kamar faifai, jikinsa dabbare-dabbare, ga baƙi ga ja ga fari, kowane da nasa zanen, ƙarshen wutsiyarsa fari fat. Ba ya haushi. In sun taru sai ka ji tsuwa kamar ta tsuntsaye, ka yi ta duba bisa alhali abin yana ƙasa.

Sau ɗaya na gan su kusa. Ina ƴar shekara tara ko goma, da hantsi, na bi Baba haƙar saiwa. Sai ya danne mani kai bayan wani suri. Na leƙa, ga tsohon ramin dabgi, ga uwa kwance a bakinsa, ƙashin haƙarƙarinta duk a waje. Can sai ga sauran sun dawo daga farauta da gudu, bakinsu jajir. Ƴaƴan suka fito suna tsalle suna lasar bakin manya, manyan suka duƙa suka amayo masu nama. Uwar ma aka amayo mata. Akwai wani gurgu da bai je farautar ba, shi ma aka ba shi rabonsa. Ni dai na saki baki.

A hanyar gida Baba ya tsaya ya kama kunnena, ba da zafi ba. Ya ce, “Kin ga abin da kika gani? Kyarkeci ba ya kamuwa. Yau yana nan, gobe yana Katsina. Lokaci ɗaya kawai yake da gida, in ya haihu, wata uku. Shi ya sa maharbi ba ya faɗin ramin haihuwa. Ko ga matarsa. Ko ga sarki.” Na ce to. Na riƙe wannan magana shekara kusan hamsin. Innarmu ta mutu ba ta san ramin nan ba.

To, sai zamani ya juya. Aka yi babban taron ƙasa a Yamai, aka ce yanzu kowa na da baki. Jam’iyyu suka fito kamar tsiron wake bayan ruwan fari, kowace da tutarta da makaɗanta. Lakwal, wato makarantar boko, a rufe, ma’aikata yau yajin aiki gobe yajin aiki. Muna cikin haka kuɗinmu ya faɗi, abin da ka saya jiya yau sai ka tsaya ka kalle shi. Na ga matan manya suna zuwa da mayafi rufe da fuska sayen man gyaɗa cokali biyu. A wannan lokaci ne ƙungiyoyi suka cika gari. Duk wanda ya iya riƙe biki da kaye, wato alƙalami da littafin rubutu, sai ya nemi ɗaki ya kafa allo a ƙofa.

Wata ranar Litinin, ranar kasuwa, ƙanena ya shigo da zuma da ƴan saiwoyinsa. Ya sayar, ya biyo gidana, na dama mashi fura. Ya sha, ya ajiye ludayi, ya duba ƙofa, ya rage murya.

Ya ce, “Yaya, sun dawo.”

Na ce, “Su wa?”

Ya ce, “Mutanen Baba.”

Shekara fiye da ashirin ba wanda ya ga ko sawunsu a dajin nan. Ya ce ƴan kaɗan ne, daga kudu suka ƙetaro, kuma macen ta shiga rami. Ya faɗa mani wurin. Ba don komi ya faɗa ba sai don ya san tare aka kama mana kunne, kuma ba shi da wanda zai yi murnar da shi a duniya sai ni. Ranar nan ƙuli-ƙulina ya ƙone ban sani ba, ina ta dariya ni kaɗai.

Bayan kwana goma mai unguwa ya aiko a tara mata a ƙofar gidansa, wai baƙi sun zo da faɗakarwa. Mun saba. An yi mana ta zawo, an yi mana ta murhu mai cin itace kaɗan, an yi mana ta ƙuri’a. Muka shimfiɗa tabarmi. Sai ga wani matashi, mushe ne, wato malamin lakwal da ya rasa ajin koyarwa, shi da abokansa sun kafa ƙungiyar kiyaye naman daji. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya ara masu shago a unguwar Zariya suka mai da shi biro, wato ofis. Yaro ne mai ladabi, wannan ba zan hana shi ba. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya warware wani babban hoto.

Na ƙura ido. Kyarkeci ne, tsaye, kunnuwa a miƙe.

Wata maƙwabciyata mai sayar da awara ta ce, “Ashe karen mai unguwa ne da ƙazuwa ta ci.”

Aka fashe da dariya. Wata ta ce, “Mushe, ana cin shi?”

Ya ce a’a.

Ta ce, “To in mun kiyaye shi, kuɗin tiyar hatsi zai sauko?”

Ya yi murmushi ya jure. Ya yi bayani, kuma rabin abin da ya faɗa gaskiya ne, har amayo naman ya sani, a takarda ya karanta. Ina zaune ina jin daɗi. Sai ya ce, “Abin baƙin ciki, iyayena, wannan dabba ta ƙare a ƙasarmu. Kakanninmu maharba, cikin rashin sani, su suka ƙarar da ita.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Kakan wa?”

Ya ce, “Inna, ba da wani nake ba.”

Na ce, “Da ubana kake. Ubana maharbi ne, ya mutu bai taɓa ɗana kibiya ga kyarkeci ba. Kai da ka san shi a takarda, ka san warinsa? Ka san kukansa? Kuma wa ya ce maka ya ƙare?”

Ya ce, cikin taushin murya, irin wadda ake yi wa tsohuwar da ta fara rikicewa, “Da girmanki, Inna, amma masana sun bincika. Babu ko ɗaya.”

Mai awara ta ce, “Ƙyale ta, ɗana, a mafarki take ganinsu. Jiya ma ta ce ta ga giwa a tasha.”

Aka sake yin dariya. Dariyar nan ita ta kashe kyarketan. Ni da na haɗiye magana shekara hamsin, dariyar mai awara ta fito da ita. Na ce suna nan da ransu, yanzu haka da nake tsaye. Na ce mace ta haihu. Na faɗi gefen dajin, na faɗi ƙoramar, na faɗi itacen da ke kusa. Ba zan sake faɗi a nan ba, ko da yake yanzu gonar wani ce. Sai da na rufe baki na ga hannun mushe yana gudu a kan kaye.

Na koma gida. Washegari da sassafe na taka har Zariya, na same shi yana share shagon. Na ce, “Ɗana, abin da na faɗa jiya, ka yage takardar.”

Ya kawo mani kujera, ya kawo ruwa. Ya ce, “Inna, ba ki san alherin da kika yi ba. In aka tabbatar suna nan, masu taimako za su zo daga waje, za a sa masu gadi, za a shata dajin.”

Na ce, “Ba sa son gadi. Wata biyu suke so, kowa ya yi shiru. In ƴaƴan sun yi ƙafa, ka hau rediyo ka yi ta faɗi har muryarka ta dushe.”

Ya ce ya ji. Ya ce wallahi ya ji. Ya raka ni har bakin titi.

Kwana shida na yi ina cewa Allah ya rufa asiri. A na bakwai, ina gaban kasko da azahar, rediyon maƙwabta na kunne, sai na ji sanarwa. Ƙungiya kaza tana shaida wa jama’ar Jiratawa da ƙauyukan bakin daji cewa an samu labarin kyarketai a gefe kaza, kusa da ƙorama kaza. Duk wanda ya kawo shaida tabbatacciya a biron ƙungiya yana da tukuici mai tsoka. Sau uku aka maimaita.

Na zauna a ƙasa, matsami a hannuna.

Bari in gaya maku abin da yaran ƙungiyar nan ba su sani ba, domin ba a haife su ba lokacin. Ina amarya a Jiratawa, masu mulki na wancan zamani sun yi shelar a kashe duk abin da ke cin bisashe, kura da dila da kyarkeci. Su suka raba guba a ƙauyuka, su suka koya wa mutane cusa ta cikin mushen akuya. Wanda ya kashe sai ya yanko wutsiya ya kai biro, a duba, a ba shi lada. Da idona na ga wutsiyoyi a igiya kamar an shanya kuɓewa. Wannan shi ya ƙarar da kyarkeci, ba ubana ba. Duk namijin da ya haura arba’in a ƙasar nan ya san abu ɗaya: in biro ya tambayi naman daji, kuma ya ce akwai lada, to wutsiya ake kai mashi. Ba su taɓa ganin biron da ya nemi dabba don ta rayu ba. Ta ina za su sani? Ga yunwa kuma.

Na bar kasko a wuta na nufi Zariya. Shago a rufe. Mai sayar da goro a gefen ya ce mushe ya tafi Yamai taro, sai bayan kwana huɗu. Taro! Ya kunna wuta a daji ya tafi taro. Na ce ina sauran? Ya ce ɗaya ya tafi kamfen ɗin jam’iyya, ɗaya bai san inda yake ba.

Bayan kwana biyu sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na fari. Na shiga motar Jiratawa, na sami wani mai amalanke ɗan ƙauyensu ƙanena, na ce ya gaya mashi Yayarsa ta ce asiri ya tonu, ya yi maza ya duba abin nan. Na ɗauka gargaɗi na aika. Ban tuna ba cewa rediyo gefen daji kawai ta faɗa, da ƙorama, kuma ƙorama doguwa ce. Mutane sun kwana biyu suna yawo ba su ga komi ba. Ƙanena kuwa, da ya san aikinsa, ya ƙi ko kallon wajen, ya zauna a ƙofar gida yana gyaran kwari. Da saƙona ya iso, a bakin mai amalanke, a gaban jama’a, hankalinsa ya tashi, ya ɗauka an riga an kai ga ramin. Ya tashi ya tafi dubawa. Suka bi sawunsa.

Ranar da mushe ya dawo ina zaune a dakalin shagon tun hantsi, ina jiransa da maganganun da na tanada. Da ya iso ya buɗe shago na fara, ban kai ga rabinsu ba sai ga mutum uku sun sauka daga mota da buhu. Na san babbansu, dattijo ne, tsaran maigidana, mun sha ruwan rijiya ɗaya a Jiratawa. Ya yi sallama da fara’a. Ya ce, “Ina mai biron? Mun kawo saƙo.” Ya zazzage buhun a kan tebur, a kan takardu.

Wutsiyoyi, manya huɗu, kowace da farin ƙarshenta. Sai wasu ƴan ƙanana kamar yatsana, ban ƙirga su ba, idona ya ƙi.

Mushe ya yi baya har ya bugi bango. Ya ce, “Mene ne wannan?”

Dattijo ya ce, “Shaida.”

“Kun kashe su?”

“To da rai za su ba mu wutsiyar?”

“Na ce shaida! Hoto, ko ku zo ku kai mu mu ga sawu!”

Ɗaya daga cikin samarin dattijon ya ce, “Hoto? Da ƙwarya za mu ɗauka?”

Dattijo ya gyara tsayuwa, ya fara ba da labari kamar mai jiran a yaba mashi. Ya ce akuya guda ya yanka, tasa ta kansa, ya cusa mata maganin ƙwarin gona, ya ajiye nesa kaɗan da ramin. Manyan suka ci, suka koma suka amayar wa na ciki. Ya ce, “Ko tona ba mu sha wahala ba. Aiki mai tsabta, irin na da.”

Mushe ya fita waje ya duƙa bakin kwata. Da ya dawo idonsa ja, ya ce ba tukuici, kuma zai kai su ƙara. Nan shago ya kacame. Dattijo ya ce, “Kai yaro, ka san abin da akuya take a wannan shekarar? Kai ka yi kira a rediyo, sau uku, ko ba kai ba ne? Ni na yi wannan aiki tun ubanka na yawo da wando ɗaya, ba a taɓa ce mani na yi laifi ba!”

Sai ya gan ni. Ya ce, “Yawwa, ga ɗiyar maharbi. Ke gaya mashi, haka ake yi ko ba haka ake yi ba?”

Na ce, “Haka ake yi. Allah ya isa tsakanina da wanda ya koya maka.” Na juya ga mushe. Na ce, “Kai kuma share hawayenka, ba ka da hurumin kuka a nan. Na taka da ƙafata na zo na roƙe ka wata biyu. Ka ba ni kujera, ka ba ni ruwa, ka ce ka ji. Kun zo ku faɗakar da mu. Wa ya faɗakar da ku? Cikinku wa ya zauna ya tambayi tsoho ɗaya yadda aka yi da can? Kun karanta dabbar, ba ku karanta mutanen ba.”

Ya ce, “Inna, masu taimakon ne suka ce sai da hujja kafin ƙarshen wata.”

Na ce, “To ga hujja nan. Aika masu.”

Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, na yi istigfari a kansu. Amma duk ihun da nake, na san wadda ta fi kowa laifi a shagon nan tana cikin zanena.

Muna haka sai haske ya ragu a ƙofa. Ƙanena ne. Da ƙafa ya yi rabin hanya, ƙura har gwiwa. Bai yi wa kowa sallama ba, shi da ko akuya ya wuce sai ya yi mata magana. Ya tsaya gaban tebur. Ya jera manyan wutsiyoyin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yana duba zanen kowace. Ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa. Na ga wani abu ya gilma a fuskarsa, ya ɓace. Ya cire rawaninsa ya shimfiɗa, ya tattara su duka har ƙananan, ya ƙulle. Dattijo ya buɗe baki zai yi magana, ƙanena ya dube shi sau ɗaya, ya rufe.

Na bi shi waje. Na ce, “Auta.”

Ya tsaya, bai juyo ba.

Na ce, “Sun cika? Ko akwai wanda ya tsira?”

Ya ce, “Ki gaida gida, Yaya.”

Ba a daɗe ba sojoji suka karɓe mulki, masu taimako suka naɗe tabarmarsu, ƙungiya ta watse. Alhaji ya karɓi shagonsa ya zuba siminti. Mushe na ji an ce ya samu aiki a wani furoje, wato shiri na haƙa rijiyoyi. Mun haɗu sau ɗaya a kasuwa, ya durƙusa har ƙasa, na amsa gaisuwarsa don Allah ya ce a amsa.

Ƙanena bai yanke zumunci ba. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya, kuma duk Litinin ɗin da ya shigo gari sai ya biyo. Ya kawo mani zuma, ya sha fura, ya tambayi jikoki ɗaya-ɗaya da sunansu. Da na yi ciwon ƙafa shi ya haɗo mani magani. Amma in na ce, “Ina labarin daji?” sai ya ce, “Lafiya lau.” Ko zomo bai sake ce mani ya gani ba.

Da ciwon ajali ya kama shi aka kawo shi gidana, ni na yi jinyarsa. Wata safiya na ga ya ɗan samu sauƙi, ya sha kunu, har ya yi wa jikata ba’a. Na matsa kusa. Na ce, “Auta, don darajar Baba. Ranar nan ka ƙirga sau biyu. Akwai wanda ya rage?”

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi a idonsa, da ma fushin ne da na fi so. Sai ya ce in gyara mashi matashi, wuyansa ya gaji.

Na gyara.